Me Ake Saye da Naira Dubu 400? Martani ga Mai Kare Lambar Mota Mai Suna

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanakin baya, yana kare masu sayen lambar mota ta musamman, irin wadda ake buga suna ko laƙabi ko sarauta a kanta maimakon haruffa da alƙaluman da kowa yake samu. Ba zan kama sunansa ba, domin da ra'ayin nake jayayya, kuma ra'ayin ba nasa ne shi kaɗai ba. Ana jin sa a majalisun dare na Kano tun daga Mandawari har Gwammaja. Malam, cikin natsuwa ka yi rubutunka, don haka ka cancanci a amsa maka cikin natsuwa.

Ga hujjojinka gwargwadon yadda na fahimce su. Ka ce mutum da kuɗinsa na halal yana da ikon yin abin da ransa yake so, kuma Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa a jikin bawansa. Ka ce wanda ya iya sayen motar miliyoyi, kuɗin lamba ba komai ba ne a wurinsa. Ka ce lamba mai suna tana da sauƙin haddacewa idan an sace mota, tana tallata ɗan kasuwa, kuma kadara ce, tunda a Dubai da Ingila ana sayar da irinta da kuɗi masu yawa. Ka ƙara da cewa haraji ne na ganin dama da mai hali yake kai wa gwamnati da hannunsa. A ƙarshe ka jingina da al'ada, ka ce Bakano da ma mai son ado ne, wanda yake ƙawata dokinsa ranar hawan salla ba laifi ba ne idan ya ƙawata motarsa. Idan na rage maka wani abu, ba da gangan ba ne.

Mu fara da kuɗin, tunda ka wuce shi da sauri. Hukumar haɗin gwiwa ta haraji, wato JTB, ita ce ta riƙa tsayar da farashin lamba ga ƙasa baki ɗaya, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta buga, jiha ta sayar. A 2021 an ɗaga lambar gama-gari daga naira 12,500 zuwa 18,750, ita kuma mai suna daga 80,000 zuwa 200,000. A watan Yunin 2025 aka sake ɗagawa, ta gama-gari ta koma 30,000, mai suna ta koma 400,000. Wannan farashin hukuma ke nan, ban da abin da ɗan tsakiya zai ɗora. Tazarar da ke tsakaninsu naira 370,000 ce. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kano ta amince da shi a ƙarshen 2024 naira 71,000 ne. Ke nan masinja ko mai shara zai tara albashinsa na wata biyar cur, bai ci ba bai sha ba, kuma bai cike wannan tazarar ba. Ban kawo wannan lissafin don in kunyata kowa ba. Na kawo shi ne domin mu daina kiran kuɗin ɗan kaɗan. Kuma jera abu kusa da wanda ya fi shi tsada ba ya ƙara masa amfani. Taya tana da aiki, birki yana da aiki, inshora tana da aiki. Tambayar ita ce, wane aiki lamba mai suna take yi wanda ta dubu talatin ba ta yi?

Ka ce sata. Malam, me ɓarawon mota yake fara yi kafin ya bar unguwa? Kwance lamba. Da sukundireba ɗaya ya gama. Abin da ake gane motar sata da shi lambar shasi ce da ta inji, da takardu, da na'urar bin sawu ga wanda ya sa. Sannan sauƙin haddacewar da kake yabo kaifi biyu ne da shi. Lambar da maƙwabcinka ya haddace da kallo ɗaya, mai kai wa masu garkuwa rahoto ma da kallo ɗaya zai haddace ta. Kuma ba kai kaɗai kake shiga motar ba: ita take kai yara makaranta, ita take kai uwargida asibiti da gidan biki, kullum ɗauke da sunanka gaba da baya. Mutanen Kano ba su manta da Janairun 2013 ba, lokacin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, aka rasa rayuka a cikin masu yi masa hidima. Babu motar da aka fi sani a Kano kamar tasa, sanin kuma bai zama kariya ba.

Maganar talla ba za ta ɗauke mu lokaci ba. 'Yan haruffa ne a kan ɗan ƙaramin faranti, babu lambar waya, babu adireshi, babu bayanin abin da kake sayarwa. Wane ɗan kasuwar Kwari ne ya taɓa samun mai sayen dilar atamfa saboda an karanta bayan motarsa a cunkoson Ƙofar Mata? Da wannan kuɗin zai yi allon shago, ya liƙa sunan kamfani da lambar waya a ƙofar mota, ya yi saura da zai kai gidan rediyo.

Batun kadara kuwa ya fi buƙatar a tsaya, domin shi ne ya fi ruɗar matasa. Gaskiya ne a 2008 an sayar da lamba 1 a Abu Dabi a kan dirhami miliyan 52.2, kuma a Afrilun 2023 an sayar da P 7 a Dubai a kan dirhami miliyan 55. Gaskiya ne a Ingila an sayi lamba 25 O a kan fam 518,000 a 2014. Amma ka duba abin da aka saya da yadda aka saye shi. Gajerun lambobi ne da duk wani mai kuɗi zai so, a ƙasashen da suke da gwanjo a bainar jama'a, da dillalai, da dokar da ta tsara yadda lamba za ta tashi daga hannu zuwa hannu. Hukumar lasin ta Ingila tun 1989 take wannan cinikin. Ta Dubai ɗin nan ma a gwanjon sadaka aka sayar da ita, kuɗin ya tafi asusun ciyar da mabuƙata. To a Kano, a wace kasuwa za ka kai taka? A kasuwar Kurmi akwai 'yan sirdi, akwai masu littattafai, akwai masu turare, a ina rumfar masu sayen tsohuwar lamba take? Wa zai biya kuɗi ya ɗauki sunanka da na mahaifinka ya manna a motarsa? Wanda ya biya dubu 200 a 2021 yana iya jin daɗi cewa farashi ya ninka a 2025, amma farashin da hukuma take sayarwa ne ya ninka, ba wanda wani zai ba shi ba. Abin da mutum ɗaya tak a duniya yake so, kuma shi ne ya riga ya mallake shi, ba a kiran sa kadara. Idan magada suka zauna rabon gado, malamin da zai yi lissafi nawa zai ƙiyasta ta?

Harajin ganin dama magana ce mai daɗin ji, na yarda, kuma a cikin hujjojinka ita ce ta fi nauyi. Amma mu buga lissafi. A ƙaddara mutum dubu sun saya a shekara guda a Kano. Naira miliyan 400 ke nan, kafin a cire kuɗin bugawa. A raba wa ƙananan hukumomi 44, kowacce ba ta samu miliyan goma ba. Kuma sau ɗaya ake biya. Harajin da yake gina gari shi ne wanda ake biya kowace shekara a kan riba da albashi da gidajen haya, wanda babu mai tafa maka idan ka biya shi. Mai hali da yake son ya taimaki baitulmali, ƙofar nan a buɗe take. Idan kuwa unguwarsa yake son ya taimaka, ba sai an nuna masa hanya ba: duk wanda ya kwana a cikin birni ya san ƙarar kurar 'yan garuwa da asuba, ya san magudanar da take ambaliya kowace damina, ya san makarantar allon da rufinta yake yoyo. Ban ce dole ya yi ba. Na ce idan taimako ne dalilin, lamba hanya ce mai nisa da ba ta kai wa inda aka nufa.

Yanzu ga al'ada, kuma a nan ne na fi saɓa maka. Ƙwarai Bakano yana son ado. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ba zai musa ba, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Amma ka bi sawun kuɗin adon doki ka ga inda suke shiga. Sirdi da linzami da likkafa da jalala da alkyabba da rawani, kowanne hannun wani ne: baduku, maƙeri, maɗinki, masaƙi, da marinan Ƙofar Mata da suke kan karofinsu tun ƙarshen ƙarni na 15. Adon mahayi ɗaya yana ciyar da gidaje da yawa a cikin ganuwa, yana kuma raya sana'ar da uba ya koya wa ɗa. Lambar mota fa? Inji ne yake buga ta a masana'antar hukuma, cikin ƙiftawar ido. Wane mai sana'a ne a Yakasai ko Soron Ɗinki ya ci ko sisi daga ciki? Sannan adon hawa ana yin sa ne don idon jama'a su more, a rana sananniya, kowa a bayan hakiminsa, bisa tsari. Ba ya cewa kowa ya kauce. Ko rubutun da direbobi suke yi a bayan tirela da A Daidaita Sahu, addu'a ce ko nasiha ko habaici, magana ce da mai karatu, mai fenti na unguwa ne ya samu na cefane, kuma ba ta maye gurbin lambar hukuma ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda suna yake samuwa a garin nan. A cikin birni mutum ba ya raɗa wa kansa laƙabi. Jama'a ne suke raɗa masa, daga sana'arsa ko halinsa ko gidan da ya fito: wane mai goro, wane mai turare, wane na gidan malamai. Fataken Agalawa da Tokarawa da suka riƙa kai kaya Gwanja suna dawowa da goro, da suna suke karɓar bashi a garin da ba nasu ba, kuma wannan sunan shekaru ake yi ana tara shi da cika alkawari. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, har yau ana ba da labarin tsantseninsa wajen kashe kuɗi tare da labarin dukiyarsa. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja, kuma yau filin jirgin sama da asibitin koyarwa suna amsa sunansa, ba shi ya rubuta ba. Sarauta ma haka take. A fada ake naɗa ta, a gaban shaidu, kuma tana zuwa da nauyin jama'a. Wanda ya biya kuɗi aka buga masa sarauta ko muƙami a bayan mota alhali ba a ba shi ba, kamar mutumin da ya shiga ɗaki ya kulle ya naɗa wa kansa rawani ne. Idan za a kafa hujja da al'adar Kano, to al'adar Kano a nan ba ta tare da kai.

Game da addini, ban ce haramun ba ne, wannan aikin malamai ne. Amma tunda ka kawo hadisin alamar ni'ima, adalci shi ne ka kawo abokin tafiyarsa. Malamai suna karantar da shi ne a kan kada mai wadata ya riƙa yawo cikin tsumma da ƙazanta kamar wanda Allah bai yi wa komai ba. Su waɗannan malaman kuma suna karantar da hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito, mai gargaɗi a kan tufafin neman shahara, suna karantar da ayoyin Suratul Isra'i da suka hana almubazzaranci. Mota mai kyau, mai lafiya, mai tsabta, ta isa alamar ni'ima. Lamba mai suna ba ta ƙara maka sanyi, ba ta ƙara maka sauri, ba ta ƙara maka aminci. Abu ɗaya take ƙarawa, a kalle ka. Kowa ya tambayi zuciyarsa a wane ɓangaren hadisan nan biyu wannan ya faɗa.

To wa ake so ya kalla? Nan ne rubutunka ya yi shiru, kuma nan ne ainihin maganar take. Ka ɗauki mutumin cikin birni. Gidaje da yawa a Sharifai da Alfindiki da Makwarari mota ba ta kai wa ƙofarsu, lungunan an yi su ne tun zamanin ƙafa da jaki da doki. A bakin titi ko a fili yake ajiye motar, ya bar ta da mai gadi, ya ƙarasa gida a ƙafa. Waɗanda zai wuce a lungun sun san shi, sun san ubansa, sun san kakansa, wasu ma sun san bashin da ake bin sa. Lamba ba ta da abin da za ta gaya musu. Ashe ke nan da baƙo take magana, wanda bai san shi ba, a titin Gidan Zoo ko hanyar Zariya. Kuma a cikin baƙin nan, wane ne kallonsa yake da amfani ga mai mota? Ba mai tallan ruwa ba ne. Jami'in da ke tsaye a bakin titi ne.

Mu faɗi gaskiya. Jami'in nan yaro ne matashi, albashinsa kaɗan, yana tsaye cikin rana, sai ga mota ta keta danja ko ta biyo hannun da ba nata ba. Ya ɗaga hannu zai tsayar, sai ya ga sarauta ko muƙami a inda ya kamata ya ga alƙaluma. Me zai faɗo masa a rai? Wannan wane ne, wa ya sani, kada in jawo wa kaina. Sai ya sauke hannu. Bayan minti ɗaya ɗan A Daidaita Sahu ya yi rabin wannan laifin, a kama shi, ya wuni yana roƙo, kuɗin balas na ranar ya tafi. Wannan sauke hannun shi ne hajar da mutane da yawa suke biyan naira dubu 400 a kanta, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Ban ce kowane mai irin lambar da wannan niyyar ya saya ba. Akwai wanda sha'awa ce kawai, akwai wanda sunan mahaifiyarsa ya sa don ƙauna, kuma ina girmama wannan. Amma jami'in ba ya ganin niyya, faranti yake gani. Idan lambar ta yi wannan aikin, an cuci wanda ba shi da ita. Idan ba ta yi ba, an yi asarar kuɗi. Ta wace fuska ce ta ci kuɗinta?

Ka tuna dalilin da ya sa aka ƙirƙiri lamba tun farko. Ba don mai mota aka yi ta ba, don sauran mutane aka yi ta: wanda aka buge aka gudu, da shaidar da ya gani, da hukumar da za ta bi sawu. Tsarin da muke kai tun 1992, wanda aka sabunta a 2011, yana magana da kowa da harshe ɗaya. Shuɗin rubutu motar gida, ja ta haya, kore ta gwamnati. Haruffa ukun farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista: KMC birni, DAL Dala, GWL Gwale, FGE Fagge. Ko yaron makaranta ya san siffar, kuma idan ya ga wadda ta saɓa zai gane. Lamba mai suna ta fita daga wannan siffar, kuma da fitarta ta buɗe wa na jabu ƙofa. Mai zanen allo zai iya yanka faranti ya rubuta kowane muƙami, a ido kuma ba ka bambance shi da wanda aka biya wa kuɗi a hukumance sai ka shiga shafin tantancewa na FRSC a intanet. Wa yake da wannan lokacin a tsakiyar titi, mota tana gudu? Ba banza ba hukumar da 'yan sanda suka sha yin shelar kamen masu lambar bogi da masu rufe lamba da fata. Masu halattacciyar lamba mai suna ba su aikata laifin ba, amma a inuwarsu masu laifin suke fakewa.

Akwai motocin da rubutu a jikinsu yake da ma'ana: ta sarki, ta asibiti, ta kashe gobara. Waɗannan kujera ce take tafiya ko ceton rai, jama'a kuma suna da haƙƙin su sani su ba da hanya. Kowane ƙarin faranti mai kama da nasu yana rage musu kwarjini, har a kai ranar da za a ga na gaskiya a ɗauka na saye ne.

Don haka matsayina bai sauya ba bayan karanta ka, Malam. Ga mai saye, lamba mai suna ba ta ci kuɗinta ba, ga gari kuma tana da illar da ta fi abin da take kawowa baitulmali. Ba na kiran a kama wanda ya saya bisa doka. Amma idan gwamnati ta ga lallai sai ta ci gaba da sayarwa, ina roƙon abu uku daga hukumar tattara kuɗin shiga ta Kano da FRSC. A hana buga sarauta da muƙamin gwamnati da duk kalmar da take kama da ta jami'an tsaro a lambar mutum mai zaman kansa, sai sarautar da masarauta ta tabbatar a rubuce. A bar haruffa ukun ƙaramar hukuma a jikin kowane faranti, manya yadda za a karanta daga nesa. Sannan a mayar da kuɗin na shekara-shekara, a ware shi a fili ga sashen kula da waɗanda suka yi haɗari a Asibitin Murtala, a riƙa buga abin da aka tara kowace shekara. Tunda ka ce haraji ne na ganin dama, ina fata za ka sa hannu a wannan roƙon tare da ni.